Igiyar Akuya a Wuyan Hannu

A gidanmu na Badafi, da an sallame isha'i, gaban murhun Iya ne majalisarmu. Iya kakata ce ta wajen uba, siririyar tsohuwa mai zafin baki da saurin hannu. Takan gasa mana masara tana juyawa da hannun hagu, wanda yatsu biyu kaɗai suka rage masa. In mun tambayi sauran, yau ta ce kura ta cinye, gobe ta ce aljanin tsamiya ya ara bai maido ba. Yayanta Baba Ilu kan leƙo ya ajiye mata goro, ya koma can nesa da wuta ya zauna. Mu yara mun raina shi ƙwarai, don ko kaza ba ya iya yankawa. Ragon layyarsa ma maƙwabci ke yanka masa.

Ina shekara goma aka ce zan bi gwaggona Zariya a jirgin ƙasa, mu kai wa 'yarta da ta haihu akuya. Ana gobe tafiya na zo gaban murhu ina taƙama, na jawo akuyar, igiyarta naɗe a wuyan hannuna zagaye uku. Haka kowace yarinya a garinmu ke yi in za ta kai kiwo, don kada dabba ta fizge.

Ban ga tasowar Iya ba, sai ƙarar mari na ji har kunnena ya toshe. Ta damƙi hannuna ta warware igiyar da ƙarfi, fata ta ɗaye.

“Zauna, don gidanku!” in ji ta. “Yau tatsuniyar taki ce ke kaɗai, ba gizo a ciki.”

Ta ce an yi wata yarinya mai taurin kai irin nawa, aka aike ta da rago a jirgi, yayanta ya raka ta tashar Dangora. Ta naɗe igiya a hannu yadda ta saba. Yayan ya ɗaga ta ya sa a ƙofar tarago, ya juya zai ciccibi ragon, sai jirgi ya yi kuka. Rago ya firgita ya zabura, ƙahonsa ya maƙale a ƙarfen matakala. Jirgi ya motsa.

Mutanen ƙauye suka hau dukan jikin jirgi da tafin hannu suna ihu, “Direba, tsaya!” A Kwanar Dangora haka ake yi wa motar kasuwa ta tsaya cak. Amma direban jirgi yana can gaba, bai san ma ana yi ba.

Ƙahon ya karye, rago ya faɗa kan tsakuwa, jirgi na jan sa, jini na bin layi. Igiya ta zame daga wuyan hannun yarinyar ta shaƙe yatsunta, ta nutse cikin nama har ƙashi. Wata mata ta rungumo ƙugunta daga ciki, rago na fizgar ta waje, ƙafafunta na reto saitin ƙafar jirgi. Yayan na gudu a gefe, ya zaro wuƙarsa ya kai wa igiyar sara. Na farko ya kuskure. Na biyu ya samu, amma ba igiyar kaɗai ya samu ba. Ragon ya shige ƙarƙashin jirgi, ko fatarsa ba a tsinta ba.

Masara ta ƙone a wuta. Iya ta miƙa hannun nan nata na hagu ta ciro ta, ni kuwa sai a lokacin na dubi hannun da kyau. Da na waiga inda Baba Ilu ke zama, takalmansa kawai na gani.

“To saurara, Hansatu,” ta ce, muryarta ta sauka. “Ku isa tasha da wuri, shi jirgi bai san ɗiyar kowa ba. Tikiti ki ƙulle a bakin zani. Ki cika gora da ruwa tun daga gida. Kada ki sauka sayen rake a ƙaramar tasha, kada ki leƙa kai ta taga, kada ki tsaya a ƙofa. Igiya kuwa a tafin hannu ake riƙe ta. In akuya ta ja, sakar mata. Akwai wata a garke.”

Da safe Baba Ilu ne ya raka mu. Shi ya fara ɗora akuyar, sannan ya ɗaga ni, ya buɗe tafin hannuna ya aza igiyar a miƙe.

Na girma, na hau jirgi ya fi a ƙirga, kuma har yau ko igiyar jaka ba na naɗawa a hannu. Na daɗe ina zaton darasin daren nan na yarinyar ne. Sai ranar da Baba Ilu ya rasu, ina zaune kusa da Iya ana karɓar gaisuwa, na ji ta ce a hankali, ba da kowa take ba:

“Yatsu uku ya cire mini, ya bar ni da rai. Tun a cikin jirgin na yafe masa. Shi ne ya ƙi yarda.”

Na kama hannun nan mai yatsu biyu na riƙe, kunyar dariyar da muka yi wa tsohon nan ta hana ni ɗaga kai.