Yadda Banki Ya Cinye Maƙerar Elam

Elam Hockett bai taɓa cin bashin banki ba. Da wannan na fara, don yaran yanzu in suka ji an ce banki ya ci mutum sai su ce ai shi ya kai kansa. Elam ko aron allura ba ya yi. Maƙeri ne ɗan maƙeri, maƙerarsa na kallon ƙofar gidana a garinmu Tolliver, can cikin tuddan Missouri. Shekara da shekaru bugun gudumarsa ne ke firgita mini kaji da sassafe. In leƙo in zazzage shi, ya ce, "Kin tashi lafiya, Iya Docia?" ya ci gaba da bugunsa.

Ƙaton mutum ne mai ƙaramar murya. Ba ya shan giya, ba ya caca. Matarsa Zilpha ta fi shi wayo nesa ba kusa ba, sai dai a zamaninmu wayon mace iyakarsa madafa. Aibin Elam guda ɗaya ne: yana son girma. Ba kuɗi ba, a'a. So yake in ya shiga coci wani ya matsa masa a bencin gaba.

Da su Mista Cantrell suka gina banki, Elam ne ya ƙera musu ƙarafan tagogi da shingen gaban kanta. Aiki ne na wata da watanni. Ranar biya Cantrell ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Elam, me za ka yi da tsabar kuɗi? Ƙarewa suke yi. Karɓi hannun jari, ka shiga cikin masu banki." Elam ya karɓa, har ya ƙara da 'yan kuɗin da yake tarawa.

Da yamma Zilpha ta shigo wurina tana huci.

"Iya, an biya mijina da takarda."

"Ana dafa ta?"

"Ya sa mata gilashi ya rataye a saman gado."

Duk ƙarshen shekara Cantrell kan tara masu jari a gidansa a ci talotalo. Elam ya wuni yana dirje hannu da sabulu da yashi, ya sa kwat ɗin aurensa da ta daina rufe masa ciki, ya je ya zauna can ƙarshen tebur. Ya dawo ya yi sati yana ba da labari. Manoma suka sa shi gaba. In sun kawo aiki sai su cire hula su ce, "Ranka ya daɗe mai banki, a taimaka wa talaka a sa wa alfadarinsa takalmi." Ya yi dariya ya ce su bari, alhali har kunnensa daɗi yake ji.

Sai shekarun nan suka zo da masara ta yi arhar da mutane ke hura wuta da ita. Wata safiya muka tarar da ƙofar banki a kulle, an manna takarda. Ni ba karatu nake yi ba, mai aski ne ya karanta mana: banki ya karye. Kuɗin ƙwai da man shanun da na tara don kada a binne ni da sadaka suna ciki. Na kowa suna ciki.

Elam ne ma mai ba mutane haƙuri. Ya ce, "Ni asarar takarda na yi. Hannuna na nan, maƙerata na nan." Ya ci gaba da gyara garma ana biyansa da dankali.

Hukuma ta aiko wani mutum, Mista Ebersole, ya tattara abin da ya rage a banki ya raba wa masu ajiya. Mai rabon gado muke ce masa. Siririn mutum ne mai tari, shi kaɗai yake cin abincinsa daga gwangwani a bayan kanta. Da mugu ne da mun samu wanda za mu tsana, mu ji sanyi. Ba mugu ba ne.

Ina maƙera ranar da ya zo, na kai tukunyata a liƙe mini. Ya cire hula ya ce, "Mista Hockett, doka ta ce in banki ya faɗi, duk mai hannun jari zai sake biyan kwatankwacin jarinsa, don a sallami masu ajiya."

Elam ya ajiye awartaki. "Yallaɓai, ai jarin ya tafi."

"Ya tafi. Wannan na biyu ne."

"To, ina da ajiya a ciki. Ku cire daga nan."

"Ba a haɗa su. A ajiya kai kake bin banki, sai ka bi layi da kowa. A jari banki ke bin ka, kuma yanzu ake so."

"Cantrell fa?"

Ebersole ya yi tari. Gidan Cantrell ashe na matarsa ne, gonar ta surukinsa. Cikin sauran masu jari, mai babban kanti ya riga ya karye. Likita ya mutu ya bar bashi. Elam kaɗai ne duk abin da ya mallaka da sunansa yake, tunda shi mai son ganin sunansa a allo ne.

Na ce, "Wato ranar talotalo shi ne ƙarami a tebur, ranar biya shi ne babba."

Ya ce, "Iya, ba ni na rubuta dokar ba."

"Na sani, ɗana. Wanda ya rubuta ta ba ya zuwa inda ake kuka."

Kotu ta sa ranar gwanjon maƙera. Zilpha ba ta karaya ba tukuna, don muna da wata al'ada a shekarun nan. In baƙin masu bin bashi suka sa gonar mutum a gwanjo, sai maƙwabta su cika wurin, su taya saniya senti biyar, keken doki senti goma, ba mai ƙarawa, su saye komai su mayar wa mai shi. Haka aka yi wa Virgil Stamper, kuma Elam ne ya tsaya a bakin shinge da guduma a kafaɗa, ba baƙon da ya yi gigin buɗe baki.

Zilpha ta bi gida-gida. Ta dawo ta zauna a dokin ƙofata, takalminta duk taɓo.

"Iya, ba za su yi ba."

"Har Virgil?"

"Ya ce in duba ƙafafun 'ya'yansa, ko takalmi babu. Ya ce wancan karon kuɗin baƙi ne, wannan karon duk abin da aka sayar aljihunsu zai shiga."

Na ɗauki sandata na je na same su a gaban shagon aski. Na wanke su tas, na kira sunan uban kowa. Virgil ya ce, "Iya Docia, ke ma fa kina bin bankin." Na ce a binne ni a buhu. Ya ce, "Ke kaɗai ce. Mu akwai bakuna a gida." Na juya da sandata na koma gida. Gaskiya ya faɗa, yunwa ce a gidajensu.

Ranar gwanjo duk gari ya fito, kowa hannu a aljihu. Ba su taya ba, ba su hana ba. Wani dillalin ƙarafa daga wata gunduma ya saye zuga-zugi da gudumomi da uwar maƙerar da kakan Elam ya zo da ita a keken shanu. Yaran dillalin suka kasa ɗaga uwar maƙerar, suna neman kayar da ita. Elam ya ce, "Ku matsa, za ku fasa ƙafa." Shi ya rungume ta ya ɗora musu a mota. Gidan kwana kaɗai aka bar musu.

An daɗe kafin a yi rabon. Abin da ya zo hannuna buhun fulawa ya saya, da man fitila. Maƙera guda in aka raba wa gari guda, abin da kowa zai samu ke nan.

Elam ya shiga aikin hanya na gwamnati, yana fasa dutse tare da samari, har bayansa ya ƙi. Daga nan sai zaman baranda. Bai yi gaba da kowa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Zilpha ce ta riƙe gidan da wankau.

Wata shekara ana tsakiyar huɗa, sai ga Virgil da bakin garma a kafaɗa, ya tsage. Maƙeri mafi kusa yana Marlow, tafiyar wuni, ga ƙasa na bushewa. Ya tsaya a gindin baranda, ya kasa ɗaga kai.

"Na san ba ka da kayan aiki, Elam. Na ce dai ko ka duba."

Elam ya karɓa ya jujjuya, ya bi tsagar da babban yatsa.

"Ka ce wa na Marlow kada ya ba shi wuta da yawa, ƙarfen ya tsufa. Kuma kada ya tsoma shi a ruwa, ya bar shi ya huce da kansa."

Ya riƙe shi a cinya ya ɗan jima. Sannan ya miƙa masa. Virgil ya saɓa ya kama hanyar Marlow a ƙafa.