Malama Safara'u, Wadda Ta Yanka Wa Manoman Riɗi Taga

Shekara goma sha ɗaya ke nan, kullum ƙarfe takwas na safe Keke Napep ke sauke Malama Safara'u a ƙofar ofishin ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo da ke Gumel. Ta share ɗakin da kanta, ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta buɗe shafin ƙungiya na intanet, ta bi shi kusurwa-kusurwa kafin ta karya kumallo.

Ita ta gina shafin. A tsakiyarsa ta yanka wani gurbi wanda ake hango shafin wasu masu hasashen ruwan sama ta cikinsa. Masu sana'ar suna kiran irin wannan gurbi iframe, ita kuwa taga take cewa. "Ɗakin namu ne," in ji ta, "amma abin da ake gani ta tagar na maƙwabta ne." Manomi a Gagarawa ko Sule Tankarkar sai ya buɗe waya ya ga ko ruwan nan na shuka ne ko na yaudara. Malam Sajo na Maigatari ya shaida cewa sau biyu tagar nan tana hana shi binne irinsa a banza.

Sakataren ƙungiya, Malam Nasrullahi, shi ya nemi a rubuta abin da ke tafe, da sunansa a ciki.

Bara waccan, Safara'u ta lura masu shafin hasashen sun yi watsi da shi. Sau biyu tana rubuta wa kwamiti takarda, tana neman izinin mayar da tagar wani shafin. Nasrullahi ya karɓa ya jefa a aljihun tebur, ya ce sai an zauna. Ba a zauna ba.

Ranar babban taro, da hantsi, aka haska shafin a bango gaban dattawa da malamai. Ashe wasu 'yan caca sun saye adireshin shafin maƙwabtan. Maimakon hadari da ruwa, sai ga tallan caca da hotunan mata tsirara a tsakiyar shafin ƙungiya. Zaure ya ɗauki salati.

Shugaba, Alhaji Bappa, ya miƙe. "Wa ya saka mana wannan ƙazanta?"

Ido ya koma kan Safara'u. Makullin teburin nan yana cikin aljihun Nasrullahi, amma ya sunkuyar da kai yana gyaran takardu.

"Ranka ya daɗe, ni na yanka tagar," ta ce. Ba ta ambaci takardun ba.

Nan take aka dakatar da ita. Maganar ta riga ta isa Ɗanzomo, gidan surukanta, har wasu mata suka daina amsa gaisuwarta. Duk da haka, kafin la'asar ta toshe tagar daga wayarta, washegari ta buɗe sabuwa zuwa wani shafi amintacce, don damina ta kusa. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya ce sannu.

Wata huɗu Nasrullahi yana ɗauke da abin. In ya hango ta a kasuwa sai ya sauya layi. Ranar da ya kasa jurewa, ya kwashi takardun biyu ya shimfiɗa gaban Alhaji Bappa. Daga nan su biyun suka hau babur zuwa Ɗanzomo. Nasrullahi ya durƙusa a gabanta a zauren gidan.

"Malama, me ya hana ki faɗa ran nan?"

"Haba Sakatare," ta ce, "mahaifinka fa yana zaune a sahun gaba."

Nasrullahi ya ce da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Ta dawo aiki ba tare da ta sa sharaɗi ba. Yanzu ciwon ido ya matsa mata, likita ya hana ta kallon kwamfuta, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Safara'u ta Ɗanzomo, ke ce kika ga ɓarna tun daga nesa kika yi magana, muka toshe kunne. Ke ce kika rufa asirin wanda ya bari aka tozarta ki. Mu da muka cika zauren nan, ba ɗayanmu da ya ce a tsaya a ji ta bakinki. Mun gode, kuma ki yafe mana. Allah Ya ba ki lafiyar ido, Ya saka miki da alheri.

Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi duba aikinku kowace safiya kamar yadda ta yi. Mu kuma masu riƙe da ofisoshi, duk wanda takardar wani ƙaramin ma'aikaci ke kwance a teburinsa, ya buɗe ta yau.