Hasken da Baba ya sa na rage

Shekara biyu motar mahaifina tana tsaye a tsakar gidanmu a Shinkafi, tun ranar da 'yan bindiga suka buɗe mata wuta a hanyar Ƙaura. Shi ya tsira, fasinja ɗaya ya rasu a kujerar baya. Mai gyara ya cike ramuka uku a ƙofar, ya shafa fenti, sai dai farinsa bai zo ɗaya da na motar ba.

Ni kam na ƙosa. Gona ba ta zuwuwa, hanya ba ta biyuwa, mun zama kamar kaji a akurki. Dabara ɗaya ta rage mana, a sayar da motar mu kama haya a Gusau. Masu saye kuwa ba wanda zai tako garinmu, sai dai a tura musu hoto.

Wani dillali a Ƙaura ya sa na sauke manhajar ɗaukar hoto. Ya ce farar mota da rana tsaka fitowa take kamar an watsa mata gari, sai in danna jikinta a fuskar waya, wata 'yar rana za ta bayyana, in ja ta ƙasa hasken ya ragu. Na ja. Mota ta fito ras, har lambarta tana karantuwa, tabon nan uku ma suka fito. Sai na riƙa mayar da 'yar ranar sama kaɗan-kaɗan, har suka narke cikin farin. Na ce wa kaina ai ban goge komai ba, rana ce ta Allah. Na tura.

Kafin la'asar dillalin ya kira, wai an sami mai so. Murna ta sa na kai wa Baba wayar. Ya riƙe ta nesa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Ina tabon ƙohwag ga?"

"Haske ne ya yi yawa, Baba."

"To rage shi. Mutum shi sai abu bai san aibinai ba? Ban cin wanga."

Na ce, "Baba, in sun gani ba su saye. Nan za mu tabbata."

Ya ce, "Na sani."

Ya tashi ya je ya ɗora yatsa kusa da tabon, ya ce in ɗauka. Na ja hasken ƙasa raina a ɓace, na ɗauka, na tura yana tsaye a kaina. Dillalin ya tambayi abin da ya faru, Baba ya karɓi wayar ya gaya masa duka, har da mamacin. Dillalin bai sake kira ba.

Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, har yau ban gama hucewa ba. Hoton mai hasken yana nan a wayata, kuma akwai wani dillali a Moriki da bai san labarin ba. Nakan buɗe lambarsa, sai in ji tarin Baba daga zaure, in mayar da wayar aljihu.