Arzika Bai Koyi Surutu Ba

Arzika mutumin Aliero ne, kuma tun yana saurayi albasa yake sayarwa. Ya zauna a Inugu kafin yaƙin basasa, ya gudu Arewa tare da waɗanda suka gudu, yana kuma cikin na farkon da suka dawo da aka ajiye makamai. A kasuwar Ogbete ya sake kafa rumfarsa, kusa da layin masu tumatir.

Mutum ne da ba ya son yawan magana. Zai gaishe ka cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, sannan ya koma kan albasarsa. Majalisar bayan la'asar, inda ake musu kan arzikin man fetur da sababbin motocin da suka cika gari, ba ya zuwa sai dole. Wasu suka ce girman kai ne. Wasu suka ce tsoro ne ya shige shi tun lokacin gudu. Duk yana ji, bai taɓa tanka wa kowa ba.

Da tsufa ya kama Malam Isiyaku, shugaban 'yan albasa, ya yi niyyar komawa gida, sai ya tara su ya ce Arzika yake so ya gaje shi. Gimba, wani dillali mai murya kamar lasifika, ya miƙe.

"Malam, ka yi haƙuri, amma bebe ka ba mu. Wa zai tsaya mana in rigima ta taso?"

Kowa ya juya yana jiran Arzika ya kare kansa. Ya ce, "Na karɓa."

Da damina rigimar ta zo. Ya'u direba, yana ja da baya da motar albasa, ya take kwandunan tumatir na Mama Obiageli, shugabar matan layin, ya kuma ce laifinta ne. Kafin azahar samarin unguwa sun cika bakin layi da sanduna. Abin da ya faru kafin yaƙi bai bar zukata ba tukuna. Wasu 'yan albasa suka fara ɗaure kaya. Gimba yana ta ihu a rufe rumfuna, kowa ya nemi abin kare kansa.

Arzika ya ce, "Ba wanda zai rufe rumfa. Mun gudu sau ɗaya, ya isa."

Ya ratsa tsakiyar samarin shi kaɗai, hannu a baya, ya zauna a kan bencin Mama Obiageli. Ta zage shi da Ibo, ta zage shi da Turancin kasuwa. Ta faɗi maganar tumatir, ta wuce ta faɗi ta ɗanta da bai dawo daga yaƙi ba. Arzika bai katse ta ba. Da muryarta ta dusashe, ya ce da Ibonsa mai kaushi, "Mama, mu ne da laifi."

Ya aika aka kira Ya'u. A gaban kowa ya sa shi ya durƙusa ya tsince abin da zai tsintu, ya kuma yanke cewa motar Ya'u ce za ta riƙa ɗauko wa matar kaya daga tasha har ƙarshen damina. Ya'u ya dubi fuskar Arzika, ya amince. Samarin suka ga babu faɗan da za a yi, suka watse.

Washegari Gimba ya same shi a rumfa, ya ce, "Maigida, jiya ka burge. Amma yanzu sai ka gyara. Ka riƙa zuwa majalisa, ka yi jawabi ranar Sallah, mutane su san da shugaba."

Arzika ya ci gaba da ware ruɓaɓɓiyar albasa. "Ba ni da ciwon da za a gyara, Gimba. Haka Allah ya yi ni, haka zan riƙe ku. In jawabi kuke so, ga ka nan, ka yi."

Haka kuwa aka yi. Gimba ya zama mai sanarwa, ya kuma ji daɗin aikin. Arzika ya riƙe 'yan albasa har gemunsa ya yi fari. Da ya rasu, matan layin tumatir ba su kasa kaya ba ranar, suka zo ƙofar gidansa suka zauna tare da iyalinsa har aka dawo daga maƙabarta.