Inda Bahago Ya Tsaya

A layin masu buga takardu, shagon da ya fi kowanne ƙanƙanta shi ne na Mai Allura. Shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinkin littattafai a ciki. Tebur ɗaya ne, sai kujeru biyu, injin matsa, tukunyar gam, da ƙullin zare a rataye jikin ƙusa. Kujera ta biyu ta matarsa ce, a nan take zama tana ninke masa takardu. Tun da ta rasu kwali yake jibgawa a kai. Aiki ya ja baya, don yanzu kowa zoben roba yake so a zura masa cikin minti biyar. Maƙwabtansa masu fotokofi kan gaishe shi da safe, daga nan kuma sai an zo rufe shago.

Wata rana laburaren wata tsohuwar makaranta ya kwashe littattafan da ba a taɓawa, aka kawo masa buhu biyu ya cire bangon da zai yi masa amfani. A gindin buhu ya tarar da wani labari mai juzu'i uku, wanda wata mata ta rubuta a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya. Bai taɓa jin sunanta ba. Ya nuna wa wani malamin Turanci da ke kawo masa aiki, shi ma ya jujjuya littafin ya ce wannan kam ko a garinsu an manta da ita.

Ba labarin ne ya fara jan hankalinsa ba, bakin takardar ne. A wancan zamani littafi kan fito da shafukansa a ninke, haɗe da juna ta gefe, sai mai karatu ya sa wuƙa yana raba su da kansa yana tafiya. Wannan an raba shi, kuma Mai Allura ya san hannu in ya gani. Yankan ya karkata ta inda hannun dama ba ya karkata. Ya ce wannan bahago ne, kuma sunan ya bi mutumin ke nan.

Turancinsa na firamare ne, wanda aiki ya ƙara wa kauri. Ya ajiye ƙamus a gefe, yana cin shafi uku ko huɗu idan rana ta yi sanyi. Labarin wata malamar yara ce a gidan wani attajiri, wadda ƙanenta ya gudu ya shiga aikin jirgin ruwa, take ta jiran wasiƙarsa shekara da shekaru.

A hankali ya san halin Bahago kamar wanda suka tashi ɗaki ɗaya. Inda labari ke tafiya lafiya, yankan sumul yake. Inda marubuciyar ta tsaya dogon wa'azi, Bahago ya tsallake ninki biyu bai ko buɗe ba. Mai Allura ya yi dariya har da tari, ya kira shi rago, sannan ya buɗe ya karanta a madadinsa. Inda kuma abu ya ɗauki zafi, mutumin ya yar da wuƙa ya zura yatsa, bakin takardar ya fito kamar haƙoran zarto. A wani shafi ma akwai zagayen gindin kofin shayi.

"Kai ma wannan attajirin ya ba ka haushi, ko?" Haka yakan ce a fili. Masu fotokofi su dubi juna, a ganinsu tsufa ne ya fara aiki. Wata goma sha ɗaya ya yi bai ji tsawon yamma ba.

A tsakiyar juzu'i na uku wasiƙa ta iso. Malamar ta karɓa, ta ɗora a kan tebur, ta zauna tana kallonta. A nan yankan ya tsaya. Ninki goma sha bakwai suka rage, a rufe kamar ranar da aka buga su. Mai Allura ya duba gaba, ya duba baya, ba alamar yatsa, ba ɗigon shayi. Ko ciwo ne ya tsayar da Bahago, ko tafiya, ko abin da ba a dawowa, takarda ba ta faɗa ba. Haka matarsa ta tashi ta bar rabin tarin takardu a ninke, ta ce kanta ke sarawa, ba ta ƙara komawa kujerar ba.

Mako uku bai taɓa wuƙarsa ba. Ba don ba ya son sanin abin da ke cikin wasiƙar ba, yana so har abinci ya daina yi masa daɗi. Amma daga nan zuwa ƙarshe ba kowa a hanyar, shi kuwa ya gaji da tafiya shi kaɗai.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce, takan leƙo ran Asabar idan aiki ya bar ta, ta kawo masa maganin ɗigawa a ido. Ta ga ya rame, ta matsa, ya ba ta labari. Ta yi dariya, ta latsa wayarta, ta ce ai ga shi wani laburare ya ɗauki hoton littafin gaba ɗaya.

"Baba, in karanto maka ƙarshen ka huta?"

"Ajiye wayar nan."

"Yanzu saboda mutumin da ya riga kakanka mutuwa kake ƙin cin abinci? Ka ma tabbata namiji ne?"

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ta sauke kwalayen da ke kan kujerar uwarta, ta zauna, ta ce ya miƙo littafin. Yana laluben wuƙa a aljihun tebur ya ji ƙarar takarda. Ta riga ta zura yatsa. Da can ya taɓa korar mai koyon aiki a kan abin da bai kai haka ba. Ya dubi bakin shafin, haƙora-haƙora, ya gyara zama don ya saurare ta.

Ta karanta da sauri, yana tsayar da ita tana maimaitawa. Wasiƙar ba daga ƙanen ba ce, daga shugaban jirginsu ce, kuma shafin ya ƙare a tsakiyar magana. Ta kai yatsa za ta ƙara, sai ta ga agogo, ta miƙe tana neman jakarta.

"Kada ka buɗe ba ni nan, Baba. Ina son in ji me ya same shi."

Asabar da ta biyo ba ta zo ba, an canja mata lokacin aiki. Ta bayanta ma waya ta yi, tana ba shi haƙuri, ta ce ya karanta abinsa kawai. Ya ce to.

Bai karanta ba. Idanunsa na ƙara hazo, ya san da haka, kuma wuƙar na nan a aljihun tebur. Kwalayen dai suna ƙasa inda ta sauke su. Kowace safiya yakan goge kujerar, ya ɗora juzu'i na uku a kai, da ninki goma sha shida a rufe, sannan ya zura zare a allura.