Mai Sunan Baba

Shekarar da na shiga aji biyar, damina ta sake yi mana rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ta kallonmu muna kallonsa har ya bushe. Maza da yawa suka tafi ci-rani, wasu Kano, wasu dako a kasuwar Dawanau. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran sai kunu da kwaɗon rama. Amma in aka tambaye ni shekarar da na fi yin dariya a yarintata, ita zan faɗa, ba kuma don yunwar ta yi mini daɗi ba.

Sabon malamin tarihi aka kawo mana. Saurayi ne siriri daga wajen Ɗanbatta, yana zuwa a kan wani keke da ba shi da birki sai ƙafar mai shi. Ya tarar babu littafin tarihi ko ɗaya a makarantar sai nasa, shi ma gara ta riga mu karanta rabinsa. Bai zauna jiran a aiko ba. Ya kwashe mu zuwa kududdufin bayan gari, muka haƙo laka, muka gina ganuwar Kano a bayan aji, tsayinta iya gwiwa, da ƙofofinta duka. Karan dawa ya zama layin dogo. Dalar gyaɗa kuwa da tsakuwa muka tara ta, don Malam ya ce in da gyaɗar gaske ce ba za ta ga azahar ba, kuma bai yi mana ƙarya ba.

Yana da wata ƙaramar rediyo da yake kama mana shirin 'yan makaranta. Batir ya yi tsada, saboda haka kullum da safe sai ya shanya tsofaffin a rana kamar kuɓewa. Wani lokaci mai magana yana tsakiyar labarin yadda aka sami 'yancin kai sai murya ta shaƙe ta mutu. Malam ya ɗaga rediyon ya girgiza, in ta ƙi sai ya ajiye, ya maƙe murya irin ta mutumin ya ƙarasa mana da bakinsa. Mun fi son nasa, har addu'a muke yi batir ya ƙare.

Ni dai na kamu da son darasin nan, son da ban taɓa yi wa wani abu ba. Sai ga Baba ya zo da tasa maganar. Dama can bai taɓa son boko ba, mai gari ne ya matsa aka sa ni. Wata rana da la'asar ya ce wa Inna, mahaifiyata, in aka rufe makaranta wannan zangon na gama ke nan, in zauna in taya ta saƙar faifai ana kaiwa kasuwa. Ya ce shekara ta yi nauyi, kuma shi bai ga abin da ake koya wa yara a can ba in ban da rashin kunya, don da kunnensa ya ji wani ɗan makaranta ya kira kawunsa da sunansa gatsal. Na shiga ɗaki na yi kuka har da majina. Inna ba ta yi masa musu ba, ba halinta ba ne. Ta dai roƙe shi ya je taron rufe makaranta ya gani da idonsa kafin ya yanke. Ya ce to, zai je.

Ga taron nan Malam ya raba mana aiki. Wani zai zaga ganuwar laka yana faɗin ƙofofi, wata za ta ba da labarin zuwan jirgin ƙasa. Ni, da yake ina da kan hadda, aka ba ni jerin sarakunan Kano daga na farko har na zamaninmu. Na yi murna har sai da na ji jerin da kyau. Sunan Baba na ciki, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A gidanmu ba a kama wannan suna. Inna ba ta taɓa faɗinsa ba tun da aka kawo ta. Mahaucin garinmu ma da yake da sunan, mai sunan maigida take ce masa, ɗan yayata da aka yi wa Baba takwara kuwa Abba muke kiransa. Ni kaina ko a zuci in na zo kansa sai na kauce. A aji sai in riƙa haɗiye shi, in yi guna-guni in wuce. Malam ya kama ni.

"Ke, me kika ce a nan?"

"Malam, sunan Babanmu ne."

"Na sani. Ni ma ba daga sama na faɗo ba. Amma sarki kike kira, ba Babanki ba."

"Ai bakin ɗaya ne, Malam."

Ya yi dariya ya ce, "Ki san yadda za ki yi, amma kar ki tsallake mini ko ɗaya. Wanda aka tsallake a baki, wata rana a manta da shi."

Na shiga tsaka mai wuya. In na faɗi sunan a gaban Baba, a gaban jama'a, na tabbatar masa da maganarsa da bakina. In na tsallake, na kunyata Malam, kuma Baba ya ce dama ban iya komai ba. Na yi ta juya abin ina daka, ina ɗebo ruwa, ban sami mafita ba har ranar ta zo.

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiyar makaranta, maza a gaba, mata can gefe. Baba na sahun farko a kan buzunsa, carbi a hannu, fuska a ɗaure. Mai zaga ganuwa ya yi nasa, sai dai wata akuya ta riga shi shiga ta ƙofa ɗaya ta fita ta wata, aka yi ta shewa. Da aka kira ni na miƙe. Na fara, sunaye na zubowa tiryan-tiryan, har na ji daɗin muryata. Sai na iso wurin. Bakina ya tsaya cak. Wuri ya yi tsit, Malam na kallona, Baba na kallona. Ban shirya ba, wallahi, sai ji na yi na ce, "Daga shi sai mai sunan Baba."

Wata tsohuwa a cikin mata ce ta fara fashewa da dariya, sai wurin ya ɗauka. Na ci gaba. Da na sake isowa kan sunan na maimaita, dariyar ta fi ta farko. Daga nan kuwa jama'a suka gane, da zarar na ɗan ja numfashi sai su riga ni, har da mai gari, "Sai mai sunan Baba." Malam ya dafe kai yana dariya har hularsa ta faɗi. Na kai ƙarshe ban bar ko ɗaya ba, aka tafa mini. Mutum ɗaya ne ban ga haƙorinsa ba. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa.

Da aka tashi ya miƙo mini buzun in ɗauka. Yana gaba ina baya, muka bi hanyar da ta ratsa gonaki, duk kara ne busasshe hagu da dama. Na riga na sallama, ina ta lissafin yadda zan yi sallama da Malam. Sai da muka hango dangar gidanmu ya rage tafiya, bai waiwayo ba ya ce, "Ke, masu sunan nan nawa, sun yi adalci kuwa?"

Na ce, "Baba, sunayen kawai muka yi. Malam ya ce ayyukansu sai a aji shida."

Ya ɗan yi gyaran murya, na hango gefen bakinsa na motsi.

"To," ya ce, "ai sai ki koma ki jiyo mini."