Takardar da ban yaga ba

Yau da safe ina shirin tafiya makaranta aka bugo mini daga gida: Baba Tanko ya rasu. Na zauna daɓas a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ga wanda bai san shi ba, manomi ne a ƙauyenmu can wajen Fulatan. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma in kun taɓa shiga coci tsakanin Rogo da Ƙaraye, kun rera waƙarsa ba ku sani ba.

Ni ce mai rubuta masa waƙoƙinsa tun ina firamare. Ladana soyayyar gyaɗa da tsokana: "Talatu, riƙe biro ki bar mana waƙa, muryar nan taki sai korar tsuntsu a gona."

Tsofaffin waƙoƙin coci da aka fassaro daga kudancin Amurka, yana ganin girman masu su ba kaɗan ba. Ya taɓa tsayar da ni a tsakiyar baiti ya ce, "Wanda ya yi wannan ya binne ɗa. Ji inda numfashinsa ya tsaya."

Dokarsa ce ke haɗa mu faɗa. Sabuwar waƙa sau ɗaya tak yake rera ta a coci. Ba maimaici, ba ɗauka a waya. In wata ya cika ba a ji wani yana rera ta don kansa ba, a rijiya ko a gona, sai ya ce in yaga takardar. Na yaga da yawa, ina yi ina mita. Shi kuwa cewa yake, "In ba ta zauna a bakin mutane ba, ba Allah ne ya ba ni ba."

Ganinmu na ƙarshe, ya rera sabuwa a coci. Murya ta tsufa, ga ruwa yana dukan kwano, ni da ke gaba ma da ƙyar na ji. Na ce, "Haba Baba, wannan ai zalunci ne, ku sake mana!"

Ya ƙi. Ya ce, "In wata ya cika shiru, ki yaga. Ko ina nan ko ba na nan." Na yi masa alkawari.

Gobe watan ke cika, kuma ban ji ta a bakin kowa ba. Da takardar a jaka na hau mashin, raina a jagule.

Ina isa gidan rasuwa, mata suna daka a bayan gida don abincin baƙi. Sai Inna Ladi, maƙwabciyarsa, ta ɗauko sabuwar waƙar nan a hankali, saura suka amsa. Jama'a, baiti huɗu cif! Na buɗe takarda ina bi da yatsa, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba. Na yi kuka har na gode Allah.

Baba, ba zan yaga ba, kuma ban karya alkawari ba.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya ba shi hutawa, ya ta'azantar da iyalinsa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su a addu'a. Jana'iza gobe da safe.